Limamin da Mama Ta Nema

Shekarun baya, maganar da ta zaga gidajen Hausawan Greensboro ita ce wai na bar Musulunci. An gan ni da mayafina ina shiga cocin Katolika da rana tsaka, shi ke nan aka yanke mini hukunci. Wasu suka ce aljanun Amurka ne, wasu suka ce sakacin maigidana ne. To ku saurara, ban bar komai ba. Cocin kam na shiga, kuma da za a maimaita sai na sake shiga. Laifin da na yi daban ne, kuma duk masu surutun nan babu wanda ya san shi. Yau zan faɗa da bakina.

Na zo garin nan a 1981, ina da shekara ashirin da ɗaya, na biyo maigidana da ke karatun aikin gona a jami'a. Muka kama wani ɗan gidan katako a Glenwood, irin waɗanda in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu. Iyakar karatuna sakandare, amma na fito da sana'a ɗaya, buga tafireta. Ɗalibai na kawo takardunsu ina buga musu. Bari in gaya muku yadda mai bugun tafireta ke aiki: ido ya ɗauka, yatsa ya sauke, kai ba ya ciki. Sai in buga shafi ashirin, ka tambaye ni me aka ce a ciki, in ce maka Allah masani. Hankalina na kan miyar da na ɗora.

Gidan da ke jikin namu wata tsohuwar Baturiya ce a ciki, ita kaɗai. Mijinta ya yi aiki a masaƙa har ya rasu. 'Yarta ɗaya, tana aure a Sedgefield. Ƙosai ne ya haɗa mu. Wata rana ina suya, ta leƙo ta saman shinge ta ce me nake ƙonawa haka mai ƙamshi. Na miƙa mata guda uku. Ta ci, ta juya shi, ta ce, "Wake ne wannan? Shekara saba'in ina dafa wake ban taɓa sanin ana soya shi ba." Na ce, "To kin yi asarar shekara saba'in." Ta yi dariya har da riƙe shinge. Daga ranar nake kiran ta Mama, ita kuma ta ce mini 'yata, don sunana ya gagari harshenta.

Sau ɗaya ta aike ni kicin ɗinta in ɗauko ganyen shayi. Na buɗe gwangwanin da ba shi ba, sai ga carbi baƙi. Na fito da shi a hannu ina murna, na ce, "Mama, ashe ke tamu ce kike ɓoyewa!" Sai da ta karɓa na ga ɗan gicciye a ƙarshensa. Ta ce na mahaifiyarta ne, kada in gaya wa 'yarta. Na ce to. Ban tambayi dalili ba. Ni a wurina Kirista Kirista ne, kowa da irin kayan ibadarsa.

A bazarar 1982 ciwo ya kwantar da ita. Asibiti suka riƙe ta mako biyu, suka sallamo ta, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta. 'Yarta na zuwa da safe kafin aiki, ta dawo da yamma. Tsakiyar rana kuwa ni ce, makullin gidan na hannuna, in ba ta ruwa, in gyara mata matashi, in yi ta zuba mata labarin Zariya tana lumshe ido.

Wata Talata wajen ƙarfe sha biyu ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yata, ina so ki nemo mini Fada."

Ku fahimce ni. A gidanmu in mara lafiya ya ce a kira malam, ba a tsayawa tambayar wane malam. Wanda ya fi kusa shi ake ɗaukowa, ya karanta Yasin, don mutuwa ba ta jiran kowa. Na ga numfashinta, na ga idonta, na zari mayafi na fita a guje. Akwai coci a ƙarshen layinmu, wanda na san nan take zuwa ran Lahadi tun mijinta na da rai. Na faɗa ofishin ba sallama, na ce da mutumin da na tarar, "Kai ne babba a nan? Tashi, Mama na kira." Bawan Allah ya bar abincin ranarsa ya biyo ni. Ina gaba ina ce masa ya ɗaga ƙafa.

Na shigar da shi ɗakin ina jin kaina jaruma. Mama ta buɗe ido ta gan shi. Ta gaishe shi da ladabi, ya zauna ya buɗe littafinsa ya karanta, ya yi addu'a, ta ce amin. Sannan ta juya fuskarta bango. Na ga hawaye na bin kuncinta yana shiga kunne. Na ɗauka daɗin addu'a ne.

A baranda mutumin ya tsaya yana juya hularsa. Ya ce, "Baiwar Allah, me ta ce miki daidai?"

Na ce, "Ta ce Fada."

Ya ce, "Ni Fasto ne."

Na ce, "To ba ku ne ke jan salla a coci ba? Ba littafinku ɗaya ba?"

Ya yi ɗan murmushi mai tausayi, irin wanda ake yi wa yaro. Ya ce, "Shekara goma sha tara tana zama a layi na uku a cocina. Na sha ganin leɓenta na motsi da abin da ba ni na koya mata ba. Ba ni take nema ba. Kuma ba ni da ikon kawo mata wanda take nema."

Da yamma Faston ya buga wa 'yar Mama waya, da kyakkyawar niyya, don ta san halin da ake ciki. Ta zo ta same ni a bakin shinge, da takalminta mai tsini da makullin mota a hannu. Ta ce ta gode da ɗawainiya, amma mahaifiyarta 'yar Baftis ce, ciwo ne ke sa ta sambatu. Ta ce, "Babu Fadan da zai taka gidan mahaifina." Na ce ai gidan mahaifiyarki ne yanzu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta juya.

Na koma gida ina huci. Na tarar da abokin maigidana a falo ya zo karɓar takardunsa. Ɗan kudancin Zariya ne, yana karatun tarihi, Hausarsa ta fi tawa, kullum Amarya yake ce mini ko da na kusa shekara biyu da aure. Na zayyana musu komai. Ya fara dariya har yana dukan cinya.

"Amarya! An ce ki kawo Fada kika kawo Faston Baftis? Ai kin ɗauko wa mutum likitan haƙori a ɗakin haihuwa!"

Na ce, "Farfesa, in ka gama haƙoranka ka yi mini bayani."

Sai ya daina dariyar. Ya ce, "Tsaya. Da gaske ba ki sani ba? Mako biyu kina buga mini me?"

Na ce, "Takarda."

Ya zaro shafukan da na buga da yatsuna ya ajiye mini a cinya. Ya ce in karanta, wannan karon da kaina a ciki. Wallahi kunya ta kama ni. Kundinsa gaba ɗaya a kan yaƙin Katolika da Furotesta ne a ƙasashen Turai, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Na buga kowace kalma, har na goge kuskure a kansu, ban ga ko ɗaya ba.

Na karanta yadda aka ɗaura aure a Faris tsakanin 'yar gidan sarauta Katolika da ango Furotesta don a yi sulhu, kafin baƙin biki su watse aka hau kashe su a kan titi. Na karanta yadda aka yi shekara talatin ana gwabzawa a Jamus, sojoji su ci gari su ƙone gona, wasu sojojin su zo su ƙone abin da ya rage. Na ɗago na ce, "Duk a kan me?"

Ya ce, "A kan ko Fafaroma na da iko. A kan ko gurasar coci na zama jikin Almasihu ko tuni ne kawai. A kan ko mutum zai faɗi zunubinsa ga Fada ko ya faɗa wa Allah kai tsaye. A ƙarƙashi kuma akwai ƙasa da sarauta."

Na ce, "Kuma har yau ba su gama ba?"

Ya ce, "Bindigar ta tsaya a yawancin wurare. Amma a ƙauyenmu makarantar mishan biyu ce, rijiya biyu, ta Katolika da ta Furotesta. Kawuna ya mutu bai sha ruwan rijiyar ƙanensa ba." Ya buɗe wani shafi ya nuna mini da yatsa. A wani sulhu da suka taɓa yi, an ce addinin sarki shi ne addinin talakawansa, wanda bai yarda ba ya ɗaure kayansa. Ya ce, "Tsohuwar nan Katolika aka haife ta, ta auri ɗan Baftis. Dokar nan aka yi mata a cikin gidanta. A wurinmu mu Katolika, mai shirin mutuwa yana so ya faɗa wa Fada zunubansa, a shafa masa mai, a ba shi gurasa. Fasto ba ya yin wannan. In ta tafi babu, a ganinta ta tafi da kayanta a ka."

Maigidana ya ce, "Ki fita daga maganar nan. Mu baƙi ne, takardar ɗalibi ce a hannunmu. Rigimar da ta gagari sarakunan Turai ba ke za ki raba ta ba."

Na ce, "Malam, ba rabawa zan yi ba. Aike aka yi mini, na kawo abin da ba shi ba. Zan koma in kawo daidai."

Ya ce, "'Yarta ta ce a'a."

Na ce, "'Yarta ce za ta mutu?"

Ya ɗaga hannu sama ya shige ɗaki. Ya san wadda ya aura.

Washegari na zauna a bakin gadon Mama na ce, "Jiya na yi shirme. Yanzu ki gaya mini da hankalinki, don an ce sambatu kike. Kina son Fada ko ba kya so?" Ta ce tana so. Ta ce ranar da ta yi aure mahaifinta ya rufe mata ƙofa, mijinta kuma ya roƙe ta kada ta sake waiwayar cocinsu, ta yi masa alkawari, ta riƙe shekara arba'in da shida. Ta ce, "Na cika masa nasa. Ban ci amanarsa ba ko sau ɗaya. Yanzu tsoro nake ji, 'yata." Na ce shi ke nan, ya isa.

Abokin maigidana ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa zuwa cocinsu. A nan ne wata Hajiya, da ke dawowa daga sayayya ta wajen Wendover, ta hango mayafina yana shiga ƙofa. Kafin la'asar labari ya isa kowane gida da ake tuƙa tuwo a garin nan.

Fadan dattijo ne, mai magana a hankali, abin da ni kuma ba na iya jira. Ya tambaya ko ita da kanta ta nema. Na ce da bakinta, sau biyu. Ya tambayi iyalinta. Abokin maigidana ya fara kwana-kwana, na katse shi na ce, "'Yarta ba ta so. Ba zan yi maka ƙarya a ɗakin ibadarka ba." Ya ce ba ya son shiga gida ta bayan mutane. Na ce, "Ta ƙofar gaba za ka shiga, mai gidan ce ta gayyace ka. In kana da wata shawara ka yi sauri, don matar ba ta da mako biyu." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke wace coci ce?" Na ce ni Musulma ce. Ya ce, "To." Ya ce zai zo Alhamis ƙarfe ɗaya.

Ya zo da 'yar jakarsa baƙa. Na kai shi ɗakin, Mama ta gan shi ta fara kokawar tashi zaune. Ya ce in ba su wuri, abin da za a faɗa ba na kunne na uku ba ne. Na fito baranda na ja ƙofa.

Ban yi minti biyar ba sai ga motar 'yar Mama. Ranar ta taso aiki da wuri. Ta ga baƙuwar mota, ta ga fuskata, ta gane. Ta hau matakala, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa. Ban shirya haka ba, ƙafata ce ta kai ni.

Ta ce, "Matsa."

Na ce, "Minti goma. Bayan nan ki kira 'yan sanda in kina so."

Ta ce, "Ke wace ce? Yaushe kika zo ƙasar nan? Me kika sani a kanmu?"

Na ce, "Na san uwarki na jin tsoro."

Na zaci ihu za ta yi. Sai muryarta ta sauka. Ta ce tana da shekara tara kakanta na wajen uwa ya rasu. Mahaifinta ya tuƙa su kwana guda cur zuwa jana'izar, ya sa kwat ɗinsa ɗaya tak. A ƙofar gidan wata gwaggonta ta tare su, ta ce auren da ba a ɗaura a gaban Fada ba ba aure ba ne, don haka ita yarinyar ba jikar gidan ba ce. A mota suka zauna ita da mahaifinta har aka gama. Ta ce, "Ranar na fara ganin babana yana kuka. Da zai mutu ya ce kada in bar mutanen nan su zo su karɓe ta a ƙarshe kamar shekarunsa da ita ba a yi su ba. Na ce masa to. Yanzu ke kin sa na zama maƙaryaciya."

Duk tsawon kwanakin nan na ɗauke ta 'yar gayu mai taurin kai. Ban taɓa tambayar ta me ya sa ba. Amma ban matsa daga ƙofar ba.

Ita ma ba ta ture ni ba, ga shi ta fi ni jiki. Ta juya ta zauna a kan matakala, ta cire takalmanta ta ajiye a gefe. Ta cikin katako muna jin muryar dattijon ƙasa-ƙasa, da ta Mama tana amsawa.

Da ya fito, ya tsaya a kanta ya ce, "Mahaifiyarki ta ce in gaya miki ta yi wa mahaifinki addu'a." Ba ta ɗago ba. Ya sauka ya tafi. Ta ɗauki takalmanta ta tashi, ta ce mini, "Ba ni makullin gidan." Na ba ta. Ta ce, "Na gode da duk abin da kika yi mata. Kada ki sake shigowa."

Ta ɗauko wata nas ta maye gurbina. Tagar ɗakin Mama na kallon kicin ɗina, kullum da rana sai in tsaya a nan in ɗaga hannu. Sau biyu na ga nata ya ɗagu. Kwana tara bayan zuwan Fadan ta rasu, ba na kusa. Faston nan ne ya yi jana'izar, aka binne ta kusa da mijinta. Na tsaya can baya. Da zai wuce ya ɗan sunkuyar mini da kai.

Hajiyar da ta hango ni kuwa ta zo har gida da Alƙur'ani a jaka, wai za ta dawo da ni hanya. Ta ce, "'Yar nan, me kika rasa a addininmu?" Na ce, "Hajiya, in kin gama ki taya ni tsince shinkafa, azahar ta kusa." Na yi salla a gabanta, ta tafi ta ce wa mutane na iya ɓoyewa. Daga nan na daina yi wa kowa bayani.

Shekara shida ke nan. Ban yi nadamar kawo Fadan ba, ko kaɗan. Mace ta ce tana jin tsoro, an kawo mata abin da ya kwantar mata da rai, ta tafi. Abin da ke ci na shi ne sauran. Na zauna shekara guda da tsohuwar nan ina kiran ta Mama ban san abin da ya fi komai nauyi a ranta ba, don na riga na zuba Kiristoci duka a kwando ɗaya, kamar yadda su ma suke zuba mu. Na kunyata ta a gaban Fastonta. Na tsaya wa 'yarta a ƙofar gidan ubanta ban taɓa zama na ji nata ba. Da na je wurinta ranar Laraba na ce me ya faru, wataƙila ita da kanta za ta buɗe wa dattijon ƙofa, wataƙila kuma a'a. Ban ba ta damar ba. Lokacin da na karanta shafukan nan na yi ta zagin mutanen dā a raina, ina cewa waɗanne irin mahaukata ne. Yanzu ba na saurin cewa haka. Na ga biyu daga cikin jikokinsu, uwa da 'ya, babu mahaukaciya a ciki, kowacce alkawari take riƙe.

Mun bar Glenwood tuni. Makon jiya sai ga kati a akwatin wasiƙa, an bi ta sashen maigidana a jami'a aka samo mu. 'Yar Mama ce. Layi uku. Ta ce tana kwashe kayan mahaifiyarta ta ga ba ta san komai ba game da dangin uwarta, ko sunan garinsu ba ta tabbatar ba. Ta ce ta san a makonnin ƙarshe an gaya mini abubuwan da ba a gaya mata ba. Ko zan yarda in faɗa mata.

Maigidana ya ce in zauna in buga mata wasiƙa mai tsari, a hankali, ya duba mini kafin in aika. Na ce a'a, wannan ba maganar tafireta ba ce. Asabar zan bar masa yaran, in shiga mota in tafi Sedgefield. Zan ce ta fara ba ni labarin mahaifinta tukuna, in rufe bakina har ta gama, ko da zai kashe ni. Sannan in gaya mata duk abin da uwarta ta faɗa mini.